Illmatic na Nas: yabon masu sharhi ne ya yi yawa, ko kasuwa ce ta makara?

Wani ƙanenmu ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Ya daɗe yana jin ana cewa Illmatic, albam ɗin farko na mawaƙin gambarar nan na Amurka, Nas, babu kamarsa a tarihin rap. Ya nemo ya saurara, sai ya tarar da abin ko minti 40 bai cika ba, babu wani amshi da zai maƙale wa mutum a ka, kiɗan ma kamar a dushe. Da ya bincika kuma sai ya ga lokacin da albam ɗin ya fito bai yi wata kasuwar a zo a gani ba. Shi ne yake cewa anya ba zuzutawar 'yan jarida ba ce kawai, kowa ya ji na gabansa ya yaba shi ma ya bi sahu?

Ƙanena, ba kai ka fara jin haka ba. Ni kaina ranar da na fara sa shi a rediyon kaset, wani kwafi ne da aka naɗo daga wani kwafin, an rubuta sunan da biro a jikin takardar, ban kai ƙarshen gefen farko ba na cire na mayar da Tupac. A wancan lokacin kunnuwanmu sun saba da kiɗan Kalifoniya mai taushi da nauyin ganga, wanda ko ba ka jin Turanci jikinka zai motsa. Sai bayan shekaru, da aikin gabatar da shirin waƙoƙi ya tilasta mini zama da takarda ina rubuta baitocin ɗaya bayan ɗaya, ina zura biro a ramin kaset ina juyawa baya don kada batir ya ƙare, sannan na gane abin da na wuce a guje. Saboda haka ba zan ce maka kunnenka ne ba shi da kyau ba. Akwai gaskiya a zarginka, amma ba a inda kake tsammani take ba.

Mu fara da kasuwar, tunda ita ce ta fi tsaya maka a rai. Kamfanin Columbia ya saki Illmatic ranar 19 ga Afrilu 1994, Nas yana ɗan shekara 20. Ya shiga jerin albam mafi ciniki na mujallar Billboard a mataki na 12, ya sayar da kwafi wajen 60,000 a makon farko. Wata biyar kafin nan, Snoop Dogg ya saki Doggystyle ya sayar da sama da 800,000 a mako guda. Illmatic bai kai rabin miliyan ba sai Janairun 1996, bai kuma cika miliyan ba sai Disambar 2001, shekara bakwai da rabi ke nan. Har Biggie, wani mawaƙin New York wanda nasa albam ɗin Ready to Die bai fito ba sai Satumbar 1994, ya riga shi cika miliyan da nisa. Ta fuskar ciniki dai kamfani bai ji daɗi ba, wannan babu ja.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko satar fasaha. Tun watanni kafin ranar fitowa kaset ɗin ya zagaya New York, ana sayar da na jabu a bakin titi. MC Serch, wanda ya nema wa Nas kwantiragin kuma yana cikin shugabannin aikin, ya taɓa cewa an gano wani gareji maƙare da kwafin jabu kusan 60,000. Waɗanda suka yi aikin sun sha faɗin cewa wannan satar ce ta sa aka gaggauta rufe albam ɗin aka sake shi, shi ya sa ka ga gajere, abu goma kacal, ɗaya daga ciki ma shimfiɗa ce ba waƙa ba. Mutanen da suka fi ɗokinsa sun riga sun mallake shi kafin ya iso kanti, kuma na'urar da Billboard ke ƙirga ciniki da ita tun 1991 abin da aka saya a kanti kawai take gani. Na biyu, babu waƙar rediyo. Biggie yana da mai kamfaninsa Puff Daddy a bayansa yana matsa masa sai ya yi waƙa biyu ko uku masu santsi da za a sa a gidan rawa. Nas ba shi da mai yi masa wannan matsin. Waƙar da ta fi kusa da hakan ita ce It Ain't Hard to Tell, wadda aka yanko kiɗanta daga Human Nature ta Michael Jackson, ita ma ba ta yi nisa a jerin waƙoƙi ba.

To daga ina yabon ya taso? Ba taron masu sharhi ba ne suka haɗa baki. Wuri ɗaya ne ya kunna wutar, mujallar The Source. Wasu ɗaliban jami'ar Harvard biyu, David Mays da Jon Shecter, suka fara ta a 1988 a matsayin 'yar takarda, kafin 1994 ta zama alƙalin da duk mai harkar rap ke jiran hukuncinsa. Ma'auninta makirufo ne, daga ɗaya zuwa biyar. A zamanin da babu intanet, yaro a Chicago ko Atlanta da kuɗin kaset ɗaya a aljihunsa shafin sharhin mujallar nan yake buɗewa kafin ya shiga kanti. Albam ɗin da suka taɓa samun makirufo biyar kafin Illmatic ana iya ƙirga su da yatsu, irin su The Low End Theory na A Tribe Called Quest da AmeriKKKa's Most Wanted na Ice Cube. Daga baya ma editocin suka yanke shawarar daina ba da biyar ɗin gaba ɗaya, bisa hujjar cewa ba a gane abin da zai daɗe sai ya kwana biyu a hannun jama'a. Wannan doka ce ta sa The Chronic na Dr. Dre, wanda ya fito a Disambar 1992 ya sauya sautin rap baki ɗaya, ya tashi da huɗu da rabi.

Sai ga Illmatic. Shecter ya samu kaset ɗin tun da wuri, ya dage sai an karya doka. Aka karya. Wata matashiyar marubuciya, Minya Oh, ta rubuta sharhin da sunan aro, Shortie, ya fito a mujallar Afrilun 1994 da makirufo biyar reras. Yaro ɗan shekara 20, albam na farko, ya samu abin da aka hana Dre.

A nan zarginka yake da ƙafa. Ofishin The Source a New York yake, ma'aikatanta mafi yawa kunnen gabashin Amurka gare su, kuma a wannan lokaci New York tana jin zafin yadda Los Angeles ta ƙwace kasuwa. Birnin da ya haifi rap ya koma yana kallon wasu suna cin moriya. Ana neman wanda zai fitar da su kunya, Wu-Tang Clan sun buɗe hanya a Nuwambar 1993, Nas kuma ya zo daidai lokacin da ake jiransa. Mutanen yamma, wato ɓangaren Los Angeles, sun lura. Mai sharhin jaridar Los Angeles Times ta rubuta cewa mafi yawan albam ɗin tsohon alfahari ne da aka gaji da ji, ta kuma ce yabon da 'yan gabas ke zuba masa yunƙuri ne na ƙwato rap daga hannun yamma. Ita kanta The Source a 2002 ta dawo ta gyara ma'aunin wasu tsofaffin albam, ta ba The Chronic biyar ɗinsa, wanda amincewa ce da cewa an tauye shi a farko. Son na gida ya shiga cikin lamarin, wannan ni ba na musu.

Sauran manyan jaridu kuwa sun yaba amma ba su rikice ba. Rolling Stone ta ba shi taurari huɗu. Robert Christgau, tsohon mai sharhin Village Voice, ya wuce shi da ɗan yabo kaɗan, sai bayan shekaru ya dawo ya ɗaga makinsa. Masu kyautar Grammy ko sunansa ba su sa a takara ba. Ka duba jerin albam 500 da Rolling Stone ke fitarwa: a na 2003 yana can ƙasa wajen ƙarshen jeri, a na 2020 ya hau mataki na 44. Albam ɗin bai canza ko harafi ɗaya ba, masu zaɓen ne suka canza, yaran da suka tashi da shi suka zama editoci.

Amma son na gida yana iya ɗaga abu shekara biyu ko uku, ba ya riƙe shi shekara talatin. The Source ta yabi abubuwa da yawa da yau ba mai tunawa da su. Abin da ya riƙe Illmatic shi ne sauran mawaƙa, abokan sana'a kuma abokan hamayya, waɗanda ba su da dalilin yi wa Nas kara. Su suka ji abin da ya yi suka koma suka sake salon rubutunsu. Jay-Z ya yanko muryar Nas daga The World Is Yours ya yi amshin waƙarsa Dead Presidents. Ko a 2001 da rigima ta ɓarke tsakaninsu, Jay-Z ya zage shi tas a waƙar Takeover, amma a cikin zagin sai da ya keɓe Illmatic ya amince cewa wannan kam ya yi. Zagin ma shi ne wai tun daga shi Nas bai sake yin abin kirki ba.

Me suka ji? Abu biyu, rubutu da idon mai rubutun.

Kai da ka yi nazarin waƙa a makaranta ka san bambancin babban amsa-amo da ke zuwa a ƙarshen baiti da amsa-amon ciki. Rap na farkon shekarun 1980 kusan duk a ƙarshen layi yake ajiye amsa-amonsa, kana jin inda zai sauka tun kafin ya sauka. Rakim ne a 1987 ya shigar da amon cikin layi ya nuna ana iya yi cikin natsuwa ba tare da ihu ba, Kool G Rap kuma ya cusa gaɓoɓi da yawa a numfashi guda. Nas ya gaji su biyun, har ma Serch ya ce Russell Simmons na kamfanin Def Jam ya ƙi ɗaukarsa don ya yi kama da G Rap da yawa, G Rap kuma ba ya kasuwa. Abin da Nas ya ƙara shi ne ya yi wannan saƙa mai wuya ba tare da labarin ya karkace don neman amo ba. Jimla takan tsallaka layi ta faɗa na gaba, amon yana tsakiya inda ba ka zata ba, amma maganar tana tafiya kamar hira. Wannan ne ya sa ka ji babu abin da ya kama ka. Ba a gina shi don amshi ba, nauyin duk yana cikin baiti, kuma Turancin unguwa ne na New York na wancan zamani, wanda ko Ba'amurken wani gari sai ya kasa kunne.

Sai idon. Nas ya tashi a Queensbridge, rukunin gidajen gwamnati mafi girma a Amurka, gine-gine 96 da aka buɗe a 1939 a gindin gadar da ta haɗa Queens da Manhattan. Ya bar makaranta tun bai gama sakandare ba, ya girma a tsakiyar annobar hodar iblis da ta cinye unguwannin baƙar fata a shekarun 1980. A Mayun 1992 aka harbe amininsa Ill Will har lahira, aka raunata ƙanensa a wannan dare. Mawaƙa da yawa sun yi waƙar bindiga da ƙwaya kafin shi. Bambancin shi ne Nas yakan tsaya kamar mai leƙe ta taga, yana cikin abin kuma yana kallonsa. Ɗauki One Love, wadda Q-Tip ya haɗa kiɗanta. Baiti biyun farko wasiƙu ne zuwa ga abokai da ke kurkuku: an haifa maka ɗa, yarinyarka ta canza, wane an harbe shi, mahaifiyarka tana kuka, na sa maka ɗan kuɗi a asusunka na gidan yari. Labarin unguwa yake ba su yadda za ka ba ɗan'uwanka da ke nesa, mai daɗi da marar daɗi a haɗe. A baiti na uku sai ya bar wasiƙar, ga shi zaune a benci da wani yaro ɗan shekara 12 da ya riga ya fara riƙe bindiga, suna shan hayaƙi tare, yana ƙoƙarin yi masa nasiha alhali shi kansa ya san ba shi da bakin yin ta. Ba ya yanke hukunci, ba ya wanke kansa. Ranar da na gama rubuta wannan baitin a takarda na karanta shi a jere, na daɗe ban sake danna kaset ɗin ba.

Ko N.Y. State of Mind, waƙar farko bayan shimfiɗa. Idan ka kasa kunne kafin ya shiga za ka ji yana gunaguni cewa bai san ta inda zai fara ba. Ba wasan kwaikwayo ba ne. DJ Premier, wanda ya haɗa kiɗan, ya ba da labarin cewa Nas ya gama rubutun ke nan a situdiyo, yana ta ƙirga masa shiga ta bayan gilashi, yaron ya ɗago ya gani ya afka, ya kai ƙarshen dogon baitin a ɗauka ɗaya. Suka bar gunagunin a ciki.

Kiɗan da ka ce a dushe yake, da gangan ne. Furodusoshi biyar suka yi aikin: Premier, Pete Rock, Large Professor, Q-Tip da L.E.S. Huɗun farko su ne gwanayen New York a lokacin, sana'arsu tono tsofaffin faya-fayan jaz da soul, su yanko daƙiƙa biyu ko uku su jujjuya a kan ganga mai kauri. Fiyanon The World Is Yours daga faifan Ahmad Jamal Pete Rock ya ɗauko shi. Ƙurar faifan da kake ji tana cikin abin da ake so. Kuma tara manya irin haka a kan albam ɗin sabon yaro baƙon abu ne a lokacin. Al'adar da aka saba ita ce mawaƙi da mai kiɗansa guda, Snoop da Dre, Wu-Tang da RZA, Public Enemy da Bomb Squad. Premier ya ce da ya ji abin da Pete Rock ya kawo sai ya koma ya sake nasa na Represent, don kada a bar shi a baya. Wannan gasa ta amfani albam ɗin. Abin da ya biyo baya ne bai yi kyau ba, don kamfanoni sun ɗauki darasin a karkace, suka koma sayen kiɗa ɗaya daga wannan ɗaya daga wancan, albam ya zama kamar kayan gwanjo. A Illmatic mutanen biyar unguwa ɗaya suke kallo, shi ya sa ya haɗu.

Ba na cikin masu cewa ba shi da aibu. One Time 4 Your Mind ba ta kai sauran ba, ko a ranar da nake cikin yabo ina tsallake ta. Duniyar albam ɗin ta maza ce zalla, mace ba ta fitowa sai a matsayin uwa mai kuka ko budurwar da ba a yarda da ita ba. Kuma wanda ya ce The Chronic ya fi shi tasiri a kan yadda rap ke sauti a rediyo har yau, bai yi ƙarya ba. Maganar "babu kamarsa a tarihi" ba abu ne da ake aunawa a sikeli ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne a fagen rubutun baiti, albam kaɗan ne suka matsa da sana'ar gaba kamar shi, kuma gajartar da ka raina tana cikin ƙarfinsa, don ba a samu sararin cusa tarkace ba.

Wanda yabon ya fi wahalarwa shi ne Nas kansa. Ya ga takwarorinsa suna sayen gidaje shi yana riƙe da makirufo biyar. A 1996 ya ɗauki Steve Stoute manaja, ya koma wajen furodusoshin Trackmasters masu kiɗa mai sheƙi, ya sa Lauryn Hill ta yi masa amshi, ya saki It Was Written. Ya shiga a mataki na 1, cikin 'yan watanni ya sayar da miliyan 2. Masu sharhin da suka ɗaga shi suka ce ya sayar da kansa. Yau da yawa sun sassauta a kan wannan albam, matasa da dama ma sun fi son sa, amma daga lokacin duk abin da ya fitar da Illmatic ake gwada shi. Da ya tashi mayar wa Jay-Z martani a Disambar 2001, sunan da ya sa wa albam ɗin Stillmatic, wato har shi ya san da wane suna zai kare kansa. The Source ta sake ba shi biyar, kuma a wannan watan ne tsohon albam ɗin ya cika miliyan.

Karramawar manyan cibiyoyi ta zo a makare kamar yadda ta saba. Harvard ta kafa tallafin bincike da sunansa a 2013. A 2014 ya rera albam ɗin gaba ɗaya tare da ƙungiyar makaɗan ƙasa a cibiyar Kennedy da ke Washington. A Maris 2021 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa Illmatic cikin faya-fayan da ake adanawa don tarihi, kuma a wannan watan ne Nas ya karɓi Grammy ɗinsa na farko a rayuwa, ba don Illmatic ba, don King's Disease, shekara 27 bayan fitowar na farkon.

In za ka sake gwadawa, kada ka sa shi a mota ko kana wani aiki. Nemo rubutattun baitocin ka buɗe a gabanka, ka sa abin ji a kunne, ka fara da One Love, sannan Memory Lane, sannan ka koma farko ka bi a jere. Idan ka zo waƙa ta uku, wadda AZ ya buɗe, shi ne baƙo ɗaya tilo da ya yi baiti a albam ɗin, kada ka tsallake da baitoci sun ƙare. Akwai ƙaho da ke shigowa a hankali yana rakiyar kiɗan har ya ɓace. Mahaifin Nas ne ke busawa, makaɗin jaz ɗan Mississippi da ya ɗauki sunan Yarbanci, Olu Dara. Nas ya ce abin da ya roƙe shi kawai shi ne ya busa duk abin da ya zo masa a rai idan ya tuna shi yana yaro.